Shekarun Kaka Ne Makullin

"Lafiya lau, sai dai rashin miji nagari," Kaka ta amsa gaisuwar jikanta ba tare da ta ɗago ba. Tun da rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya cinye hoton marigayi mijinta guda ɗaya tilo, ko abinci ba ya yi mata daɗi. Gogan naka kuwa, ɗalibin kwamfuta, ya zauna bakin gado ya buɗe na'urarsa.

"Share hawayenki, tsohuwa. Kin tuna watan jiya da na ari hoton kika bi ni da tsintsiya? To na kwafe shi. Ga angonki."

Ta leƙa da sauri. Ɗigo-ɗigo ne kawai, kamar talabijin ta lalace.

"Amma kai ɗan banza ne. Yashi na aura?"

"Aikina na makaranta ke nan, kulle hoto. Na raba shi kashi-kashi, manyan siffofi daban, ƙananan layuka daban, sai lissafi ya hargitsa su. Ko ɓarawo ya sace, yashi zai gani."

"Hargitsi sai an je jami'a? Ai da shi aka haife ka. Buɗe min!"

"Da lamba na kulle. Shekarunki na gaskiya, na jikin katinki na ɗan ƙasa."

Kaka ta gyara ɗaurin kallabi. "Hamsin da biyar."

Ya danna. Yashi.

"Babana fa hamsin da takwas gare shi."

"Shi ya sani, gaggawa ya yi. Sa saba'in."

Yashi.

"Ko ɗaya kika rage ba zai fito ba. Ni dai gaba ta kai ni, na huta da abokin takara."

Nan fa Kaka ta daina wasa. Idan hoton ya ƙi dawowa fa? Ta waiga ƙofa, ta rage murya.

"Tamanin da biyu, mugu."

Sai ga marigayi, hula a karkace, da murmushin nan nasa na gefen baki. Ta shafa gilashin da yatsa, hawaye na zuba.

"Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Amma ya fi ka kyau nesa ba kusa ba."

Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta zaro agogon marigayin ta ɗaura masa tana dariya.

"Ungo. Ranar da na ji lambar nan a bakin wani, ka ba ni takardata."