Ranar da Na Tsinci Kan Mijina a Bakin Teku

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan manta da hutun da muka je bakin Bahar Maliya ni da maigidana, can cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin. Lokacin muna zaune a Alƙahira, a wani ɗan bene a Hadayek el-Maadi, shi yana aikin akawu a ofishin jakadanci. Malam nake ce masa, don ya girme ni nesa ba kusa ba, ko da yake ya tsani a tuna masa. Ni kuwa ina ɗauke da ciki wata biyar, bayan biyu sun zube. Duk wani tsoro da ke duniya a kan cikin nan na tara shi. Kafin in baro Katsina Innata ta ja mini kunne: mai ciki ba ta fita da tsakar rana, ba ta zuwa bakin ruwa, kuma in ta ji an kira sunanta ba ta ga mai kiran ba, kada ta amsa. Shi ya sa kullum akwai ƙusa ƙulle a bakin zanena.

Sai ga Malam wata rana da albishir wai ya kama mana ɗaki a wani ƙasaitaccen otal a bakin teku, in je in sha iska. (Ya rasa inda zai kai mai ciki sai gidan 'yan ruwa.) Kunya ta hana ni cewa a'a, na ƙara ƙusa ta biyu na bi shi.

Otal ɗin ya haɗu, ban raina masa ba, amma tun daga bakin ƙofa jikina ya ba ni. Tsakiyar zafi ne, baƙi ba su fi a ƙirga ba. Dogayen baranda shiru, an shimfiɗa dardumar da ke haɗiye ƙarar takun mutum, ma'aikaci sai dai ka waiga ka gan shi tsaye a bayanka yana murmushi. Ko'ina madubi. Ga wani kiɗa siriri yana fitowa daga rufi, ba makaɗi. Tekun kuwa kwance yake lumui ba ya ko motsi, kuma ta kowace taga ka leƙa shi za ka gani.

A rana ta biyu Malam ya fara canzawa. Da rana ta take sai ya ce zai ɗan taka, in kwanta in huta. Can sai ya dawo idanu jajur, jiki yana warin wani mai, ga yashi har cikin kunnuwa. Mutumin da ke wanka sau uku a yini ya daina wanka, sai alwala kawai. Ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya ƙi ruwan sanyi, ya ƙudundune cikin bargo yana zufa. In na tambaye shi sai ya ce, "Ba komai, tamam." Muryar ma ta dushe. Na zauna ina kallon ƙeyarsa ina tunanin anya wanda ya fita shi ne ya dawo.

Da abin ya ishe ni, wata rana na bari ya yi nisa, na yafa mayafi na bi sawunsa. Na san na taka dokar Inna biyu a lokaci guda, hannuna na kan cikina ina ba shi haƙuri. Na wuce kujerun kwanciya da lemomin da ba kowa a ƙarƙashinsu. Sawun ya zagaya bayan wani dutse, inda yashin ya koma baƙi. Ba iska, ba kukan tsuntsu ko ɗaya.

Abin da na tarar a can har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Kawunan mutane ne guda huɗu a jere a kan yashi, babu jiki. Kowanne an naɗa masa farin tawul, an kafa masa 'yar rumfa, idanu a rufe. Ƙuda yana yawo a hancin ɗaya. Na ƙarshe baƙi ne, mai ɗan gemu da furfura a gefe, gemun da ni na taje shi da safe.

Kan ya buɗe ido. Ya kira sunana na yanka.

Ban amsa ba, ai ni 'yar Inna ce. Ya sake kira, na toshe baki. Na ɗauko Ayatul Kursiyyu, amma harshena ya sarƙe, sai na ji kaina ina karanta addu'ar cin abinci. Da ya kira na uku sai tsoron ya juye ya zama tausayi. Na ce a raina sun cinye mini miji sun rage kai, to wallahi ba zan bar musu shi ba, in je in ce wa mahaifiyarsa me? Ko kan ne a kai gida a yi masa sutura. Na durƙusa ina kuka, na lulluɓe shi da mayafina, na kama kunnuwan nan biyu na ja iya ƙarfina.

Kan ya ƙwalla ƙara ta cikin mayafi. "Ke, sakar mini kunne! Ni ne, da raina!"

(Na ƙara ja, don na san aljani ma haka zai ce.)

Dariya ce ta dawo da ni hayyacina. Sauran kawunan uku sun buɗe ido suna ƙyalƙyatawa, yashin da ke gabansu yana tsagewa. Ɗaya, wani tsohon Bamisre, yana hawaye yana ba ni haƙuri da Larabci, "Ma'alish ya madam, ma'alish." Wani ƙato ya sheƙo da shebur ya hau tono, sai ga kafaɗar Malam, sai ga ƙirji, sai ga mijina cif da gajeren wando. Ashe magani ne na mutanen wurin. Mai sanyin ƙashi ake binnewa cikin yashi mai zafi har wuya, a shafe shi da mai, a hana shi wanka da sanyi na 'yan kwanaki. Na ɗaga kai na ga baƙin otal ɗin, da na ce ba su da yawa, sun cika baranda. Wata Baturiya har da ɗaukar hoto.

Muna komawa ɗaki marata ta murɗa, kunyar ta gushe, tsoro na gaske ya zo. Na kwanta ina jiran abin da na riga na sani sau biyu. Malam ya zauna a bakin gado, kunnuwa a kumbure, ya kasa haɗa ido da ni. A nan ya faɗa mini gaskiya. Gwiwoyinsa sun daɗe suna ciwo, sujada ma da ƙyar yake tasowa, yana ɓoyewa don kada in ce tsoho na aura.

"So nake in iya durƙusawa in ɗauki ɗana," in ji shi.

Na kamo hannunsa na ɗora a cikina. Muna nan har la'asar ta yi sanyi, murɗar ta lafa, sai muka ji an shuri tafin hannunsa daga ciki. Ya ce da alama a nan ma ƙarfin uwar aka ɗauko.

Mace na haifa. Ya goya ta a wuya har ta yi wayo, gwiwa na ƙara yana cewa ba komai. Labarina kuwa ya riga mu isa Alƙahira, matan 'yan ofis suka yi shekara suna tambayata ko na zo da jakar zuba kai. Abin da na koya shi ne, in miji ya ce ba komai, a zaunar da shi a tambaye shi da kyau tun yana da jiki. Malam dai har Allah ya karɓi ransa, in ya ga na nufo shi da mayafi a hannu, sai ya dafe kunnuwansa.