Taubasantakar Kwarin Marke da Tsibirin Ƙanƙara

A Kwarin Marke ba a taɓa hana kowa magana ba, kuma dabbobin garin suna alfahari da hakan. Dokar majalisa ta ce duk mai rai yana da bakin magana a zaman ranar Laraba, sai dai ana bin nauyi ne: mafi nauyi ya fara, na ƙasa da shi ya biyo. Shugaban majalisa, Mai Girma Gadu, shi ke buɗe taro, ba don ya fi kowa nauyi ba, sai don sikelin yana gidansa. Daga shi sai Ɓauna, sai Gwanki, sai Barewa, a yi ta gangarowa har rana ta take tsaka, yunwa ta kama manya, a tashi. Tsofaffi sun ce an taɓa kaiwa kan Zomo sau ɗaya, shekarar da ciwon ciki ya kwantar da Ɓauna. Kwaɗi ma suna da lamba a jerin. Duk Laraba sukan zo su zauna a can baya, su saurari yadda ake cin moriyar 'yancinsu.

Wata Laraba a tsakiyar damina, Kwamishiniyar Hulɗa da Ƙasashen Waje, wato Shamuwa, ta miƙe da takarda a baki. An ba ta muƙamin ne saboda dama ba ta zama a gari, kuma Gwanki ya ara mata lokacinsa saboda ta kawo masa tsaraba.

Ta ce, "Mai Girma Shugaba, manyan gari, na dawo muku da 'yar'uwa. A bayan teku akwai wani gari, Tsibirin Ƙanƙara, inda ruwa ke daskarewa har a yi tafiya a kansa. Sun amince garinsu da namu su zama 'yan'uwan juna. Su turo mana masu rawa, mu tura musu namu. Su koyi al'adunmu, mu koyi nasu. Sannan duk shekara za a buƙaci tawagar manya ta je can ta duba lafiyar zumunci."

Kalmar tawaga ce ta farkar da Ɓauna daga gyangyaɗi. Aka ɗau tafi. Gadu kaɗai bai tafa ba, yana sosa ƙeya da kututturen marke.

Ya ce, "Na ji. Amma tsakaninmu da su, wace ce ya, wace ce ƙanwa?"

Wannan tambaya ta cinye Laraba uku. In Kwarin Marke ce ƙanwa, sai Gadu ya durƙusa ya gai da baƙi, abin da ya rantse ba zai yi ba. In kuma ita ce ya, ɗawainiyar ƙanwa ta hau kanta, abin da babu mai so. A ƙarshe Hawainiya, magatakardar majalisa, wadda nauyinta bai kai ta yi magana ba, ta raɗa wa Gadu wani abu a kunne, shi kuma ya shelanta shi a matsayin abin da ya kwana yana tunani. Garuruwan biyu taubasai ne. Tsakanin taubasai babu babba babu ƙarami, kowa ya tsokani kowa, kuma ba a fushi. Aka rubuta haka, aka buga hatimi, aka aika bayan teku. Can ma suka sa hannu, don sun ɗauka sunan wani abinci ne.

Da zumunci ya ƙullu, sai aka ga gari ba shi da filin da baƙi za su yi rawa. Majalisa ta duba ko'ina, ta tsallake makiyayar Ɓauna da gonar rogon Gadu, ta tsaya a kan kududdufin da ke bayan marke. Za a yanke masa hanya ruwan ya tsiyaye nan da kwana biyar, a daɓe wurin, a sa masa suna Dandalin Zumunci.

A cikin kududdufin nan akwai 'ya'yan wata kwaɗuwa mai suna Ladingo, talibambam ɗari uku da 'yan kai, kowanne daga kai sai wutsiya. Kwana goma sha biyu suke buƙata ƙafafunsu su fito su iya hawa tudu. Sauran kwaɗi sun riga sun yaye nasu. Ladingo ce dai kullum ke makara wajen zuba ƙwai, kuma duk shekara taubashinta Ƙadangare sai ya leƙo daga kan dutse ya ce, "Ladingo sarkin nawa, wata rana ruwan nan zai tafi ya bar ki da 'ya'ya a taɓo." Ita kuma ta ce, "Je ka ci gaba da gyaɗa wa dutse kai, shi ne sa'anka." Su yi dariya su rabu.

Bana ba ta yi dariya ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta je gidan Hawainiya ta roƙi a ɗaga aikin da mako ɗaya, aka ce ta kawo maganar majalisa. Ta ce lambarta ɗari da sittin ce, aka ce ai shi ya sa ake son mutum ya riƙa zuwa da wuri.

Ana cikin haka sai ga baƙo na farko daga Tsibirin Ƙanƙara, wani farin toron agwagwa mai suna Jakada Solbi, wanda aka turo ya nazarci al'adu kafin masu rawa su iso. Yana yawo da ɗan littafi, yana rubuta duk abin da ya gani, har yadda Ɓauna ke korar ƙuda. Zafi ya dame shi da hantsi, ya faɗa kududdufi, sai ya ji ana kuka a gefen ciyawa.

Ya ce, "Sannu, Gwaggo. Wannan waƙar gargajiya ce? In rubuta?"

Ladingo ta ce, "Waƙar gidanku. Ɗaga ƙafarka, baƙo, kana taka mini yara."

Ya ba ta haƙuri, ya zauna, ta kwashe labari ta gaya masa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, domin shi ma a ruwa aka haife shi. Ya ce zai yi magana, amma a garinsu jakada ba ya sukar masu masaukinsa. Nan Ladingo ta dube shi da kyau, dabara ta faɗo mata.

"Ɗan nan, ka san abin da kuka sa wa hannu kuwa? Ku taubasanmu ne. Taubashi yana iya duban idon shugaba ya ce masa mummuna, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Kuma baƙo ba a ɗora shi a sikeli, abin kunya ne, kai za a fara ba magana. Ka soma da 'yar tsiya tukuna, don a san taubashi ne a tsaye, sannan ka kawo zancen yarana. Mako ɗaya kawai nake so a ƙara."

Ta kwana biyu tana koya masa tsiya. Yana da ƙwaƙwalwa, kuma ita ta daɗe tana tara kayan aiki.

Ranar Laraba Solbi ya tsaya gaban majalisa, ya gyara wuya.

"Gadu, taubashina, mai haƙoran da suka fi hankalinsa tsawo! Na zaga duniya ban ga wanda ke durƙusa wa abinci ya ƙi durƙusa wa kowa ba sai kai. In an koro ka, wutsiyarka ce ke miƙewa tana gai da masu korar. Ɓauna kuwa, an ce mini ke ce ta biyu a gari, na zo na tarar barci ne na biyu, ke ce ta uku."

Idon Gadu ya kaɗa ya yi ja. Hawainiya ta yi maza ta matsa kunnensa ta tuna masa abin da ya kwana yana tunani kwanakin baya. Sai Gadu ya saki wata dariya, fadawa suka duba fuskarsa suka tabbatar, su ma suka saki tasu.

Solbi ya ɗaga murya. "Yanzu ku saurara. A kududdufin da za ku tsiyaye gobe akwai 'ya'ya ɗari uku da ba su da ƙafa. In kun janye ruwan, za su mutu a taɓo, mu zo mu yi rawa a kansu. Uwarsu tana can baya a zaune. Mako ɗaya take roƙo. Garina ba ya son dandalin da aka daɓe da yara."

Dariya ta ƙaru. Barewa ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki. Gwanki ya ce tunda yake bai taɓa jin baƙo ya kama al'ada da sauri haka ba. Gadu ya share ido ya miƙe, don ba a tsokanar taubashi ya tafi bai rama ba.

"Ku ji mini ɗan ƙanƙara! Ku da ruwanku ke zama dutse rabin shekara, ku ne za ku koya mana riƙon ruwa? Je ka narkar da naku tukuna, mai tafiya kamar an ɗaura masa faranti a ƙafa!"

Solbi ya buga fiffike ya ce, "Ba wasa nake yi ba!"

Gadu ya ce, "Kun ji! Har wannan ma an koya masa."

Hawainiya ta rubuta a littafin majalisa cewa an yi wasan taubasai cikin nishaɗi, ba a gabatar da wani ƙorafi ba. A can baya Ladingo ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa kan Ƙadangare a kan dutsensa. Bai gyaɗa kai ba. Shekara nawa yana gaya mata gaskiya a kan ruwan nan, ko sau ɗaya ba ta yi fushi ba, ko sau ɗaya kuma ba ta ji ba. Ta san al'adar tun tana da wutsiya, rabinta kawai ta tuna: ba a fushi da taubashi, amma ba a kuma ɗaukar maganarsa da gaske.

Washegari gafiyoyi suka yanke wa kududdufi hanya. Ladingo ta yini tana ɗiban 'ya'yanta a baki tana kaiwa wani sawun Ɓauna da ruwa ya kwanta a ciki, Ƙadangare da Solbi suna taya ta. Sawun bai ɗauki da yawa ba. Tara suka yi ƙafa.

Biki ya yi kyau, kowa ya shaida. Baƙi sun yi rawa, an yanka ƙyalle, an yi musayar tuta. Solbi ya koma gida ya miƙa rahoto mai zafi, wanda manyan garinsu suka karanta da natsuwa, musamman shafin da ya bayyana yadda ake zagin shugaba a Kwarin Marke ya yi dariya, aiki kuma ya ci gaba.

Da damina ta zagayo, Shamuwa ta dawo daga duba lafiyar zumunci da albishir.

"Mai Girma Shugaba, musayar al'adu ta haifi ɗa mai ido. Tsibirin Ƙanƙara sun ɗauki al'adarmu. Duk mai ƙorafi a garinsu yanzu an naɗa shi taubashin majalisa. Jakada Solbi ne na farko. Ba a taɓa zaman lafiya irin na bana ba."

Gadu ya ji kishi, ya ce ba zai yiwu baƙi su fi su cin amfanin abin da suka gada ba. Nan take ya shelanta cewa daga ranar kwaɗi duka taubasan majalisa ne. An cire su daga sikeli, su za su riƙa buɗe taro, kuma su faɗi duk abin da suka ga dama.

Haka aka yi a karon farko a tarihin Kwarin Marke, kwaɗuwa ta tsaya gaban manya a tsakiyar Dandalin Zumunci. Ladingo ba ta tsokani kowa ba. Ta nuna ƙasar da Gadu ke zaune a kai, ta ce a nan ne ruwan ya fi zurfi, nan 'ya'yanta suka taru da ya fara janyewa. Ta faɗi yawansu. Ta ce wasu har ƙafar baya ta fara tsiro musu.

Gadu ya yi dariya har da hawaye, ya ce a rubuta cewa Ladingo ta fi baƙon iyawa.