Yadda Za Ka Kashe Mutum a Gaban Jama'a Ka Koma Gida Ka Ci Tuwo

Tajuddeen Mai Walƙiya ya kashe Ilu. Ya kashe shi da rana kata, a wani lungu na Gwammaja, da ƙarfen ɓamɓare taya, a gaban uwar da ta haifi Ilun da rabin mutanen unguwa. Kotu ta ce bai kashe ba. Tunda haka ne, ashe akwai ilimi a cikin lamarin, kuma ɓoye ilimi ba halin kirki ba ne. Na bi shari'ar tun daga farkonta, na tsamo maka hanyar daki-daki. In ka bi ta yadda take, na ba ka tabbacin za ka fito daga kotu ana yi maka guɗa.

1. Fara yin suna kafin ka yi kisa

Kada ka juya tsarin. Gidan yari cike yake da masu gaggawar da suka fara da kisan.

Tajuddeen mawaƙi ne. Bikin da bai je ba a Kano, dangin amarya ba sa lissafa shi a cikin bukukuwa. Ya yi gida mai bene, ya yi tumbi, ya yi yaran da aikinsu kawai su yi dariya in ya yi magana. Hotonsa na liƙe a shagunan aski da bayan adaidaita sahu, har da wadda Ilu ke tuƙawa. Sai ka kai nan sannan ka wuce gaba.

2. Sayi motar da ta fi lungu faɗi

Lungunan cikin gari don ƙafa da jaki aka yi su. Shi ya sa ya dace ka shige su da motar da madubanta ke kankare katangar mutane dama da hagu.

Ran nan Ilu ya ɗauko mahaifiyarsa, Baba 'Yardada, daga asibiti, an duba mata ƙafa. Ya kusa fita lungun sai ga hancin motar Tajuddeen ya toshe bakinsa. Ilu ya leƙo ya gaishe shi, ya ce ranka ya daɗe kai ne a bakin hanya, ɗan ja baya kaɗan, ni tsohuwa na ɗauko. Tajuddeen ya sauke gilashi ya tambaye shi ko ya san da wa yake magana.

"Haba Oga," in ji Ilu, "ni da nake yawo da hotonka kyauta? Ai ko don wannan ka ja mini baya."

Masu zaman bakin hanya suka yi dariya. Dariyar ce ta kashe Ilu. Tajuddeen ya fito, ya sunkuya a gaban rumfar Malam Gwadabe mai faci, ya ɗauki ƙarfe da hannunsa na dama, ya sauke shi a kan yaron.

Lura da kyau: kada ka gudu. Gudu na talaka ne. Tajuddeen ya tsaya har aka tura adaidaitar gefe, sannan ya wuce abinsa, don ana jiransa a wurin kamu.

3. Kada yawan hujja ya tayar maka da hankali

Hujja kam akwai ta. Akwai bidiyon da matasa suka ɗauka da waya. Akwai jini a hannun rigar shaddarsa, akwai zanen yatsunsa a jikin ƙarfen. Akwai kuma Gwadabe, wanda ƙarfensa ne, kuma a kan tabarmarsa aka shimfiɗe gawar.

Nemi lauya irin Barista Abdulhakeem. Da aka jibge masa wannan duka a kan tebur, bai ko zauna ba. Ya tambaya ko akwai ƙari. Ya ce shi hujja ƙwaya ɗaya yake tsoro, domin ita ce alƙali ke iya riƙewa a ka. In ta yi yawa gajiya take sa shi, ya fara duba agogo.

4. Kai shaidu aikin Hajji

Kada ka ba shaida cin hanci. Haramun ne, kuma ƙasƙanci ne. Ba shi kujerar Makka.

A shekarar nan lungun nan guda ya fi wasu unguwanni yawan mahajjata. Mai shayi ya tafi. Mai cajin waya, wanda yawancin bidiyon a rumfarsa aka tura wa juna, ya tafi. Gwadabe ya tafi ya dawo Alhaji, da haƙorin Makka yana ƙyalli. Da aka tsayar da shi a kotu aka tambaye shi abin da ya gani, ya ce malamai sun tabbatar masa wanda ya sauke farali ya dawo kamar ranar da aka haife shi, kuma shi a saninsa jariri bai ga komai ba.

An aika wa 'Yardada ita ma. Manyan mutane ne suka je, da manyan riguna, suka zauna a zaure suka yi ta'aziyya mai tsawo, sannan suka kawo zancen kujera. Ta saurare su daga bayan ƙyaure har suka gama.

"Ilu ya yi mini alkawarin shi zai kai ni," ta ce. "Ku je ku taso shi, sai mu shirya."

A kowane lungu za ka samu mutum ɗaya irin wannan. Bar ta tukuna, za mu dawo kanta.

5. Cika harabar kotu da masoya

A buga riguna da hotonka. A samu 'yan mata masu iya suma. Ka fitar da sabuwar waƙa daga inda kake tsare, a kan mahassada, kada ka ambaci sunan kowa, kowa zai cike da sunan wanda ya tsana. Kafin wata ya zagayo, gardamar da ake yi a majalisu daga Dala har Ƙofar Ruwa ta koma ko wane mawaƙin ne ya ƙulla makircin. Ilu ya koma "wannan mai adaidaitar". Da ka ji an daina kiran sunan mamaci, rabin aikinka ya kammala.

6. Zaɓi gaɓa ɗaya ka sadaukar da ita

Nan ne gwanintar take, ka nutsu.

Barista ya miƙe ya shaida wa kotu cewa hannun daman Tajuddeen ya daɗe da mutuwa, tun wani haɗari da ya ɓoye wa duniya saboda kunya. Ga likita, ga takarda da hatimi. Tajuddeen kuwa yana tsaye, hannun na lilo a gefensa kamar wutsiyar rawani.

Lauyan gwamnati ya yi dariya. Ya kunna bidiyon bukukuwa: ga Tajuddeen yana riƙe da makirufo da dama, yana liƙi da dama, yana nuna amarya da dama. Barista bai yi musu ba. Ya nemi izini ya matso, ya kunna kyamarar gaba ta wayarsa, ya saita ta a fuskar alƙali, ya roƙe shi ya ɗaga hannun dama, sannan ya danna ya juyo masa da hoton. Alƙali ya duba, ya ga kamar hagu ya ɗaga. Ya sauke, ya ɗaga ɗayan. Ya sake. Sai da magatakarda ya yi gyaran murya sannan ya daina.

Barista ya ce to ga shi nan: bidiyon bukukuwan duk da kyamarar gaba aka ɗauke su, hagu ce take fitowa dama. Na kisan kuwa da kyamarar baya aka ɗauka, dama ce ta gaskiya. Ke nan wanda ya yi kisan mutum ne mai lafiyayyen hannun dama. Ke nan ba wannan bawan Allah ba ne. Jinin da ke jikin riga na ragon suna ne, zanen yatsu kuwa kowa a Kano ya taɓa zuwa faci.

Aka miƙa wa Tajuddeen ƙarfen aka ce ya riƙe. Ya sulluɓe ya faɗa wa magatakarda a ƙafa. 'Yan mata suka suma.

Sannan aka kira 'Yardada. Barista ya gaishe ta da ladabi, ya kira ta Baba, ya tambaye ta da wane hannu aka bugi ɗanta.

"Ni kan ɗana nake kallo," ta ce. "Ban kalli hannu ba."

Ya juya ya roƙi kotu ta rubuta cewa shaida ba ta ga hannu ba. Aka rubuta. Alƙali ya ce akwai kokwanto, ya sallami wanda ake tuhuma. Na yi maka alkawarin guɗa, an kuwa yi ta har bakin titi.

7. Bar hannun inda ka ajiye shi

A cikin mota Tajuddeen ya fara ɗaga hannu zai gaida masoya, Barista ya danne shi da gwiwa. Ya ce gwamnati na iya ɗaukaka ƙara, kuma hoto ɗaya tak na hannun nan a sama ya isa a ce ƙarya aka rantse a kai. Kada ya motsa sai ya ji daga gare shi.

Kai ma haka za ka yi. Ka tuna duk wanda ka gani a gari yana da waya.

Za ka miƙa hagu a wurin musabaha, dattawa su dube ta su mai da nasu hannun cikin riga. Abokan da kuke haɗa kwano za su fara cewa sun ƙoshi. Ƙuda zai sauka maka a hanci kana riƙe da makirufo, ka bar shi ya gama abin da ya kawo shi. A masallaci, lokacin zaman tahiya, sahu guda zai karkato ido yana jiran ɗan yatsanka ya ɗaga, har liman ya yi huɗuba a kan masu kallon yatsan wani a cikin salla. Iyayen amare kuma za su fara tunanin ko ya dace a nuna 'yarsu da hagu ranar aurenta, wayarka ta rage ƙara.

Duk wannan ƙaramin abu ne. Daure.

8. Game da tsohuwa

A nan ba ni da dabara, kuma ban ga wanda yake da ita ba.

Kullum bayan la'asar wani daga cikin abokan sana'ar Ilu zai sauke 'Yardada a ƙofar gidan Tajuddeen, yau wannan gobe wancan, ba mai karɓar ko kwabo. Tana rungume da kwanon tuwo a ɗaure cikin tsumma. Ba ta zagi, ba ta kuka. Zama take a kan dakali har ya fito, matasan layin kuma su jeru da wayoyinsu.

"Karɓi, ɗan nan. Na Ilu ne. Hannuna ya saba auna garin mutum biyu."

Ranar farko ya wuce kamar bai ji ba, kafin magariba gari ya ɗauka cewa ya wulaƙanta tsohuwa. Washegari ya durƙusa ya miƙa hagu. Ta janye kwanon.

"Da hagu? A hannun babba? A gidanku haka aka koya maka?"

Ta ɗaure tuwonta ta koma gida. Washegari ta dawo.

Maigadi ya ce shi ba zai kori sa'ar kakarsa a gaban waya ba. An kai ƙara wurin 'yan sanda, suka tambayi laifin da za su rubuta, aka ce tana kawo abinci. Tajuddeen ya koma fita ta ƙofar baya, direbobin suka gano, suka riƙa sauke ta a can. Ya daina fita. Sai ta riƙa aika maigadi ya gaya masa tuwo na hucewa. Shi kuma yana sama, bayan labule, ya tura hannun cikin aljihu ya danne shi da hagu, don ko a cikin ɗakinsa bai yarda da taga ba, bai yarda da mai shara ba, bai yarda da matarsa ba. In zai kwanta ma ɗaure shi yake a jikin cinya, kada ya yi miƙa cikin barci. Damina ta wuce a haka, wata ta zo ta wuce.

9. Ranar da za ka ɗaga

Za ta zo. Ta zo wa Tajuddeen. Barista ya bugo waya yana dariya, ya ce maganar ɗaukaka ƙara ta mutu, takardun ma ba a san inda suke ba, ya ɗaga hannunsa har sama in ya ga dama.

Tajuddeen ya sa aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya sallami kowa, ya kulle ƙofa, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa kamar yadda yake yi a gidansu tun yana yaro. Ya jawo kwano. Ya ce wa hannun bismilla.

Hannun bai zo ba.

Ya lallashe shi, ya girgiza kafaɗa, ya ɗauko shi da hagu ya ɗora a kan tuwon. Ya zame ya faɗi. Aka kira likitan nan na kotu. Ya matsa nan, ya tsira allura can. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da tsohuwar takardar da ya rubuta, ya ce ba sai ya wahalar da kansa ba, kwanan wata kawai zai canza.

Bayan 'yan kwanaki, direban da ya zo ɗaukar 'Yardada da la'asar shi ya kai mata labari. Ta tambaye shi ko wannan karon da gaske ne. Ya ce da gaske ne, Baba, har an kai shi wurin masu gasa jiki da masu tofi, ba labari. Ta ce to ya je ya nemi fasinjansa. Washegari garin mutum ɗaya ta auna.

Sanarwa

Wanda ya rubuta wannan ba lauya ba ne, ba likita ba ne, kuma ba zai tsaya wa kowa ba, a nan ko a can. Na yi alkawarin fitar da kai daga kotu, na fitar. Abin da ya same ka daga bakin ƙofarta zuwa gida, kai da shi. Kada a zo mini zaure.

Tajuddeen Mai Walƙiya yana nan da ransa. Hannunsa na dama ya bushe har kafaɗa. Da hannun da yake tsarki yake cin tuwo, kuma shi kaɗai yake ci.