Yadda Ake Sake Kashe Anacleto a Talabijin

Kana son lambar yabo da hawayen matan birni? Ka zo inda ya dace. A kan idona Seu Fausto, babban daraktan nan na birnin Rio, ya sauka ƙauyenmu na bakin kogi, ya mai da rayuwar marigayi Anacleto, mai tatsar robar da ya hana a sare kurminmu, shiri mai dogon zango. Bi sawunsa. In ba ka ci kambu ba, ka canza mini suna.

1. Tabbatar gwaninka ya mutu

Mai kare daji in yana da rai fitina ne. Zai karanta labarin ya ce ba haka aka yi ba. Anacleto ya gaji da kiran 'yan talabijin su zo su ga yadda masu garken shanu ke ƙona kurmi, ba wanda ya leƙo. Da aka harbe shi, sai da masauki ya yi wuya. Darasi: mai fasaha ba ya gaggawa.

2. Ziyarci matarsa, amma kada ka saurare ta

Dona Zuleide za ta ba ka gahawa da wainar rogo. Ci, ka yaba. Seu Fausto ya riƙe hannunta ya ce, "Uwa, mece ce kalmarsa ta ƙarshe?"

Ta ce, "Cewa ya yi na cika wa wake gishiri. Na ce in bai yi masa ba ya dafa da kansa. Ya fita gyaran injin kwalekwale. Ina wanke tukunya na ji ƙarar bindigar."

Tun ranar, lami take cin wakenta. Seu Fausto ya share ƙwalla, ya juya ya ce wa marubucinsa, "Sa ya rungume bishiya ya ce, ku sare ni ku bar dajin."

3. Gyara masa fuska da iyali

Anacleto gajere ne, baƙi, ga tumbi ga giɓi. Wa zai bar tashar ƙwallo ya kalli wannan? Ɗauko Rodolfo, jarumin nan mai koren ido da ke tallan man gashi.

Dona Zuleide ta ƙare masa kallo ta ce, "Wannan ne mijina? Da haka yake, ai da ban bar shi zuwa taron ƙungiyar masu tatsar roba shi kaɗai ba."

Sannan jarumi na buƙatar soyayya, kuma tsohuwa mai kaushin hannu ba ta sayar da shiri. Kawo baturiya 'yar jarida. Matar gida kuwa, zazzaɓi ya ɗauke ta tun a kashi na biyu. Da labarin ya isa kunnen Dona Zuleide, ta tare darakta a bakin kogi.

"Ɗana, ni kuma yaushe na mutu?"

"Mutuwa ce mai kyau ƙwarai, uwa. Har da goge."

4. Kada mugu ya yi kama da kowa

Har awakin ƙauyen nan sun san Seu Valdomiro, mai gonar shanun ƙetaren kogi, shi ya aiko ɗan bindigar. Kotu dai ta ce ba ta gani ba. Kai ma kada ka gani. Ƙirƙiro mugu mai ido ɗaya, marar suna, marar gona. Ka tuna kamfanin nama ne ya ɗauki nauyin shirin. Duk sanda jarumi ya yi wa daji kuka, talla za ta shigo da gasasshiyar cinya tana ɗigar mai.

5. Gyara dajin

Kurmi na gaske duhu gare shi, kyamara kuwa haske take so. Rage 'yan itatuwa. Manyan motocinka ma ba sa iyo, dole a yanko hanya daga babban titi zuwa ƙauye. Seu Valdomiro, mutumin kirki, ya ba da aron katafilarsa kyauta.

Da safen da aka tayar da injin, Dona Zuleide ta fito da matan ƙauye, suka sarƙe hannuwa a gabansa. Ta tsaya inda mijinta ya saba tsayawa.

Ta ce, "Seu Fausto, a kan kada a yi wannan hanyar aka kashe shi."

"Ta wucin gadi ce, uwa, daji zai rufe abarsa." Sai idonsa ya yi haske. "Kai! Kada kowa ya motsa! Ina mai kyamara? Uwa, ɗan matsa hagu, rana na bayanki."

Ya sami hotonsa. 'Yan sanda suka zo da takardar izinin da aka ba shirin don raya al'adu, suka janye matan gefe. Hoton ne ake buɗe shirin da shi.

6. Karɓi kambunka

Hau dandali, bari murya ta sarƙe, ka sadaukar da shi ga "masu tsaron kurmi". Kada ka kama suna, kana iya mantawa.

Mu a shagon bakin hanya muka kalli kashin ƙarshe. Rodolfo ya rungume bishiya, ya buɗe baki, sai motocin gungume suka fara wucewa jere da juna, kwalabe na rawa a kan kantar shagon. Ba mu ji ko kalma ba. Dona Zuleide ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta taɓa kafaɗar maƙwabciyarta.

"Tashi, ƙawata. Na san ƙarshen."

Suka je suka zauna a tsakiyar hanya. Kullum can suke yini. Direbobi ba sa taka su, kewaye su suke yi, hanyar tana ƙara faɗi.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da itacen da ya faɗi, kogin da ya zama laka, ko matar da aka kashe a kashi na biyu alhali tana raye. Mai ƙorafi ya kai wa majalisar gari. Seu Valdomiro ne shugabanta yanzu. Ofishin ba ya ɓata: ka bi sabuwar hanyar, wadda suka raɗa wa suna Titin Anacleto.