Jikan Magini a Gonar Hatta

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a garin Hatta da ke wajen Dubai ba, ko da tsufa zai kai ni ga neman hulata alhali tana kaina. Har yau in na ji kukan akuya sai gabana ya faɗi, in kuma aka miƙo min dabino a gidan mutane sai matata ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya. Gara in ba da labarin da bakina, don na gaji da jin yadda 'yan'uwanmu na kasuwar Murshid ta Dubai suke ƙara masa gishiri.

A lokacin ina aiki a siton Alhaji Sabo da ke unguwar Al Quoz a Dubai, muna ɗaure kayan 'yan kasuwa muna loda su a kwantena zuwa Kano. Aiki ne na rufin asiri, sai dai ɗakin da nake kwana cike yake da gardawa, gado kan gado, albashina kuma bai kai a ba ni damar ɗauko iyali ba. Matata da 'yarmu Ummi suna Kano. Na bar yarinyar tana rarrafe, ta girma har bakinta ya buɗe ba ta san ni ba sai a waya. Wata rana uwarta ta tambaye ta, "Ina Baba?" sai ta ruga ta ɗauko wayar ta rungume. Matata ta ba ni labarin tana dariya, ni kuwa abin ya tsaya min a rai.

Alhaji yana da wani aboki Balarabe, dattijo mai fara'a, ana ce masa Abu Rashid, yana da gona a Hatta. Ran nan ya biyo sito, ina zuba musu shayi, ya fito da waya yana nuna wa Alhaji hoton wani ɗaki irin na ƙasashen sanyi, wanda ake jera gumagumai a kwance, wani kan wani, har su zama bango. Irinsa yake so a gonarsa saboda baƙin ƙarshen mako, amma duk wanda ya tuntuɓa sai ya ce sai an yo odar itace daga Turai, tsadar kuma ta wuce hankali. Ba wanda ya tambaye ni. Wallahi ko kallona ba wanda ya yi. Ni dai kawai na ji bakina yana magana shi kaɗai.

"Ai wannan wasan yara ne. Mu gidanmu gidan magina ne."

Alhaji ya ajiye kofi ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Kai? Tun yaushe?"

"Ranka ya daɗe, gado ne. A jini yake."

(Ba ƙarya na yi ba. Kakana magini ne na gaske, har yanzu akwai sorayen da ya gina a cikin birni. Abin da ban ambata ba shi ne iyakar gudummawata ga sana'ar ita ce zama a kan tulin ƙasa ina ɓare gyaɗa ina kallonsa.)

Na tambayi Abu Rashid ko ba shi da itatuwan dabino da suka faɗi a gonar. Ya ce ga su nan jibge a bayan rijiya, ya rasa yadda zai yi da su. Na ce, "Khalas, an gama. Itace naka, ƙasa taka, ganyen rufi naka. Me za a saya?" Mutumin nan ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce dama yana neman mai kula da baƙi a gonar, kuma akwai gidan ma'aikaci a rufe ba kowa. In na gina masa ɗakin nan aikin nawa ne, in ɗauko iyalina, shi zai tsaya a kan bizarsu. Don murna na dinga zuba masa godiya.

Da na gaya wa matata, sai ta ce, "Baban Ummi, gini? Kai da ƙusar labule ta gagare ka har sai da muka kira ƙanena?"

"Bangon ne ya cika tauri."

"To, Allah ya sa bangon Larabawa ya fi laushi." Ta yi dariyarta ta ƙoshi, can sai ta sassauta murya. "Ka dai bi a hankali. Ni na riga na gaya wa Ummi za mu je gidan Baba."

Alhaji ya ba ni hutu, na tattara na koma Hatta. Abu Rashid ya haɗa ni da wani ma'aikacin gonar, ɗan Pakistan mai suna Gulzar, ƙato mai ƙarfin tsiya, wanda tun ranar farko ya raɗa min suna Muhandis, wato injiniya. Ni ma ban hana shi ba. Muka yi ta jan gumagumai, muna sare musu gurbi a kusurwa don su hau juna su zauna daram. Abin mamaki, bango ya tashi! Ni kaina sai in koma gefe in tsaya ina kallonsa ina tambayar kaina ko dai da gaske a jinin yake. Muka rufe sama da rassan dabino, muka fitar da ƙofa da taga. Tafiyata ma ta canza, na fara goya hannu a baya ina zagaya gini ina gyaɗa kai.

Saura abu ɗaya. Gungumen dabino ba santsi gare shi ba, don haka tsakanin kowane biyu akwai kafar da hannu zai shige. Dole a cike da yaɓe. Na zauna na tuno yadda Kaka yake kwaɓa ƙasa: yana zuba busasshiyar ciyawa don ta riƙe, yana kuma zuba makuba, wani ruwa ja-ja mai danƙo da ake samu daga kwasfar ɗorawa, don kada ruwan sama ya wanke bango. To ina zan ga ɗorawa a Dubai? Na shiga ɗakin ajiyar gonar ina dube-dube, sai ga damman wata ciyawa koriya shar mai ƙamshi, ta fi wadda Kaka yake amfani da ita kyau nesa ba kusa ba. A gefe kuma ga buhunan dabinon da bai yi kyan sayarwa ba. Na jiƙa shi a duro, na tafasa, na tace, sai ga ruwa ja-ja mai danƙo. Na ce Allahu akbar, ga makuba har gida! (Hujjata ɗaya ce, kalarsu ta zo ɗaya.) Na kuma taɓa jin an ce gishiri yana korar gara, sai na juye rabin buhu don kada a ce na yi ƙwauro.

Ciyawa, dabino, gishiri. Na san kai mai karatu ka riga ka gane abin da na haɗa. Ni ban gane ba.

Gulzar ya tsoma yatsa a kwaɓin ya lasa, ya ɗaga gira. "Muhandis, bango ne wannan ko alewa?"

Na haɗe rai na ce, "Sirrin gidanmu ne."

Yaɓen ya bushe ya yi ƙyalli, ga wani ƙamshi mai daɗi yana tashi. Ƙudaje sun ɗan yi yawa, amma na ce ai gona ce. Awakin Abu Rashid kuwa suna can garkensu a gindin dutse, kuma duk tsawon aikin mun kewaye wurin da koriyar raga saboda ƙura, don haka ko sau ɗaya ba mu haɗu ba.

Ranar buɗewa da safe na sa aka kwashe ragar, don hoto ya fito da kyau. Na ciro farar shaddata ta Sallah, na karya hula. Alhaji ya zo da tawagar 'yan kasuwa daga Murshid, Abu Rashid ya zo da 'yan'uwansa. Aka shimfiɗa dardumai a ciki, aka kawo gahawa. Na kira matata ta bidiyo na jingine wayar a taga, tana riƙe da Ummi a cinya, don su ga ranar ɗaukakata. Na ji Abu Rashid yana ce wa Gulzar, "Yalla, maza saki awakin nan baƙi su ba idonsu abinci," ban ma ɗauki maganar da wani muhimmanci ba. Rana ta take, na jingina bayana da bango na fara jawabi.

Kai, na yi jawabi! Na kawo tarihin Kaka, na kawo darajar ginin gargajiya, na ce mutanen yanzu sun raina abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Na bugi bango da tafin hannu na ce, "Wannan yaɓen, ba ruwa ba, ba iska ba, ba gara ba. Jikokinmu za su zo su same shi yadda yake."

Sai na fara jin wani garas-garas. Na zaci wani ne cikin baƙi yake taunar wani abu, har na ji haushi a raina. Can sai wani siririn haske ya sauka a gwiwar Alhaji. Wani ya sauka a kan butar gahawa. Na lura mutane sun daina kallon fuskata, duk sun zuba ido gefen kunnena. Na ji wani numfashi mai ɗumi a wuyana. Na waiga a hankali, sai ga bakin akuya ya leƙo ta tsakanin gumagumai, tana tauna, tana kallona ido cikin ido ba ko kunya.

Na yunƙura zan yi tsalle, ashe zafin rana ya narkar da makubar tawa, rigata ta manne da bango. Kafin in ɓamɓare, wata akuyar ta huda ta ƙasa ta cafke gefen shaddar tana ja. Ina ja, tana ja. Sai ji kake ƙyaaat! Ta tafi da rabonta. Ta ko'ina garas-garas kake ji, haske yana ta ɓullowa, ƙura tana zubowa daga sama don wasu sun haye rufi. Wani ɗan kasuwa, Malam Ɗanladi, ya gyara zama ya ce, "Injiniya, wannan ma yana cikin sirrin gidan naku ne?" Alhaji ya tura bakinsa cikin hannun babbar riga, kafaɗunsa suna rawa.

A cikin wannan hali ne muryar Ummi ta fito daga taga, tar da ita. "Mama, akuya tana cinye gidanmu!"

Ɗakin ya kece da dariya, ni kuwa wallahi kalmar nan "gidanmu" ta fi yagewar rigar yi min ciwo. Na ji ƙwalla ta taru min.

Abu Rashid, yana share hawaye, ya ce, "Habibi, me ka zuba a ciki?" Na lissafa masa. Ya riƙe ciki ya kwanta a kan darduma. Da ƙyar ya iya cewa ko ranar Idi awakinsa ba su taɓa samun liyafa irin wannan ba. Na fita da yagaggiyar riga ina "kur! kur!", ba wadda ta ko ɗaga kai, wani bunsuru ma har ya ɗan matsa min wuri. Da na ga ba sarki sai Allah, na dawo ciki na kakkaɓe dardumai, na wanke kofuna, na ci gaba da zuba wa mutane gahawa, bayana a waje. Duk wanda ya tsokane ni in taya shi dariya, don ban san me zan yi ba kuma.

Da baƙi suka watse na sake kiran matata. Na ce, "Maman Ummi, na ɓata komai." Na shirya wa tsokana, sai ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Nan ne fa hawayen suka zubo.

Na koma sito da sabon suna. Ko kwali zan ɗaga sai wani ya ce, "A hankali Injiniya, kada a cinye." Na fitar da rai gaba ɗaya, har ina tunanin yadda zan yi wa Ummi bayani. Sai ga Abu Rashid wata safiya ya shigo yana kiran "Muhandis!" tun daga ƙofa. Ya ce ya sa an jijjiga gumaguman nan ba wanda ya motsa, ya kuma kira masu yaɓe sun cike kafofin da abin da dabba ba ta marmari. Ya ce tun ranar 'yan'uwansa suke kawo abokai su ga ɗakin da awaki suka ci, kowa kuma yana tambayar ina maginin.

"Ni mai kula da baƙi nake nema," in ji shi. "Mutumin da aka yi wa irin dariyar nan bai gudu ba, ya dawo yana zuba gahawa da rabin riga, shi nake so. Sharaɗi ɗaya, kada ka ƙara kusantar ɗakin ajiyata."

Alhaji ya ce, "Tafi, Allah ya sa albarka. Mu ma kayanmu sun huta da fargaba."

Yanzu muna Hatta mu uku. Ranar da suka iso Ummi ta ɓuya a bayan uwarta ta ƙi yarda da ni, sai da muka zo gona ta hango ɗakin, ta kama yatsana ta ce in kai ta ta ga inda akuya ta ci. Da haka muka saba. Na dai koyi cewa kallon kakanka yana aiki ba ya koya wa hannunka komai, kuma ba duk abu ja-ja mai danƙo ne makuba ba. In bakina ya fara ƙaiƙayin cewa "a jini yake", sai in kurɓi shayi in yi shiru.

Da muka zo rataya labule a sabon gidanmu, na ɗauko guduma da ƙusa ina naɗe hannun riga. Matata ta matso cikin ladabi ta zare gudumar daga hannuna.

"Baban Ummi, huta abinka, a kira Gulzar," in ji ta. "Wannan gidan a ciki za mu zauna."