Rasuwar Gajera, Shaidar Malam Abdourahamane

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ba wurin ajiye wani, iyalan Malam Abdourahamane na hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes ta Vénissieux, kusa da Lyon, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Lyon da Paris rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Gajera. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba huɗu a Paris, saura awa uku ta ba da shaida. Ta rasu tana da shekara tara, wanda a dangin wayoyi tsufa ne tukuf.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce. Fuskarta a tsage take, bayanta ɗaure da roba, kukanta kuwa "tirrr, tirrr" ne kamar na gyare. Amma ta yi haƙuri. Ta ƙetare hamada cikin safa, ta ƙetare teku cikin leda uku, ba ta taɓa neman komai ba sai caji.

Amanar da ta riƙe saƙon murya ne na minti biyu. A can gida Malam ma'aikacin ƙaramin gidan rediyo ne, shi ke karanta sanarwar rasuwa. Wata rana ya karanta sunayen mutum goma sha bakwai, ya kuma faɗi cewa mayaƙan daji ne suka kashe su. Kafin la'asar shugabansu na yankin, Kwamanda Gatari, ya aiko da saƙon. Ya kira sunan Malam, ya kwatanta ƙofar gidansa, ya faɗi abin da za a yi masa. Gajera ta sha maimaita ƙarshen maganar cikin murya mai kauri: "Ka je duk inda za ka, ina jiranka."

Shekara biyu ke nan da mutanen daji suka shiga babban birni suka hau kujera. Gatari ya rage gemu, ya sa tabarau da kwat, ya zama Dokta Nassim, kakakin gwamnati. Yanzu a talabijin ake ganinsa, da Faransancinsa mai santsi, yana zancen afuwa da haƙƙin ɗan Adam. Jakadu suna shan shayi da shi. Tsofaffin bidiyonsa kuwa wani kamfanin gyaran suna ya bi ya share, ko ɗaya ba a bari ba. Sai ofishin 'yan gudun hijira ya rubuto cewa ƙasar Malam ta samu lafiya, in yana da hujjar tsoro ya kawo. Duk duniya ba wanda ya rage da tsohuwar muryar Dokta sai Gajera.

Lauyar Malam, Madam Leïla, ta roƙe shi sau uku ya bari a kwafi saƙon. Ya ƙi. A tsakiyar saƙon Gatari ya ambaci mahaifiyar Malam da sunanta na yanka, ya yi mata zagin da baki ba ya iya maimaitawa, kuma Malam ya gwammace komai da a buga wannan a takarda, baƙi su karanta.

"Madam, ranar zama a ofishin zan kunna da hannuna," in ji shi. "In an zo wurin zagin, sai in toshe lasifikar da yatsa."

'Yarsa Ameena ta ce a tura cikin wayarta, ba za ta saurara ba. Ya ce ba za a ajiye zagin kaka a aljihun jika ba. Mu da muke rubuta wannan sanarwa mun ba shi gaskiya a lokacin, yanzu kuma kunya ta hana mu kallonsa.

Jinyar marigayiyar ta fara tun bara. Cikinta ya kumbura, jikinta ya riƙa zafi, takan suma ana tsaka da sallama. Ranar Talatar Malam ya zaro ta daga aljihu don ya gwada, ta yi haske sau ɗaya ta ɗauke. Ya sauka a tashar Château Rouge da gudu, ya kai ta wurin mai gyara, a ɗan shagon da ke tsakanin mai nama da mai atamfa. Mutumin ya buɗe ta, ya sunsuna, ya mayar da murfin.

"Sai haƙuri, Malam. Ƙwaƙwalwar ce ta ƙone."

A wurin zaman Malam ya miƙe ya karanto saƙon da ka, har da kaurin muryar, ya tsallake wurin mahaifiyarsa. Jami'ar ofishin ta saurara cikin ladabi, ta ce wannan muryarsa ce, ba ta Dokta ba. Jiya takarda ta iso: an ba shi kwana talatin ya bar ƙasar nan.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ciwon wuya, da robar da ta ɗaure ta, da katin layi wanda ya daina aiki tun kan iyaka. Ta bar Malam, wanda tun ranar bai ci abinci ya ƙoshi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar, a akwatin da ake jefa matattun kayan lantarki a bakin babban kantin Vénissieux. Ba za a yi mata wanka ba, marigayiyar ba ta shiri da ruwa. Ana karɓar gaisuwa a hawa na goma sha ɗaya, kuma na'urar hawa ta lalace, sai a taka. Ana roƙon masu zuwa kada su kunna talabijin, domin Dokta yakan fito da rana ya buɗe hannuwa, ya ce da 'yan ƙasa na waje su dawo gida, yana jiransu.

Zaman makoki kwana talatin ne. Wanda bai samu zuwa ba kafin nan, kada ya wahalar da kansa da neman Malam a waya.