Ranar da Na Kai Lafiyayye Asibiti

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, maiɗakina ta haifi tagwaye, aka kwantar da su asibiti a Kankia saboda sun zo ƙanana. Yayata ta ce in kawo mata Ɗanlami, ɗanmu mai shekara biyu. Na ce, "Haba Yaya, mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, yaye ne zai gagare shi?"

Kwana uku ina taƙama. Ran na huɗu na bar shi a zaure na je alwalar azahar. Da na dawo, sai na tarar da shi kwance shiru, baki da ƙirji jajawur.

Na sunkuce shi. Biyu suna tsakanin rai da mutuwa, ga na uku yana aman jini a hannuna. Na ɗaure shi a baya da rawanina, na hau keke daga Dudunni, ina Yasin ina kuskuren ayoyi. Duk sa'ad da ya yi shiru sai in mintsine shi, kukansa ya kwantar mini da hankali.

Na faɗa ɗakin masu jego ina salati. Uwarsa ta karɓe shi, ta dangwala, ta shinshina.

"Malam, wannan ai jar tawadarka ce ta wasali."

Ni na dama ta da safe.

Yau Ɗanlami yana da jikoki, amma ko zoɓo aka zubar a gidan suna, sai Yaya ta ce, "A fito wa Malam da kekensa."